Babban Yatsan Heriberto

Wata uku Ximena na zana maɓalli ɗaya,
shuɗi, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake.
A ofis kowa ya yaba.

Sai ta gangaro tudun Valparaíso da sassafe,
ta miƙa wa Heriberto wayar a kasuwar kifi.
Hannunsa jiƙe, gishiri ya tsattsage fatar.
Ya danna. Shiru.
Ya sake, allon ya tsallake wani shafin.
"Ni ne ban iya ba," in ji shi, yana goge yatsa a riga.

Maganar nan ce ta hana ta barci.

Dare ya raba, manhajar ma ta ƙi tashi.
Ta kashe, ta kunna.
Ta zare waya, ta ƙirga goma, ta mayar.
Ta bi saƙon kuskure layi-layi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
har ta iske waƙafi guda da ya yi ɓatan kai.

Kafin asuba ta faɗaɗa maɓallin
daidai babban yatsan tsoho,
ta goge kalmomi bakwai, ta bar biyu:
Karɓi kuɗi.

Ran Talata ya danna sau ɗaya,
bai ko ɗago kai ba,
ya ci gaba da gyaran kifinsa.