Awa Biyu Ranar Alhamis

Haƙorin can na ƙurya, na hagu,
tun watan Maris ya fara magana.
Da farko raɗa yake yi in na kurɓi ruwan sanyi,
yanzu ganga yake kaɗa mini a cikin kunne,
ni kuwa ina tsaye a layi na huɗu
ina jera kifi a gwangwani,
wannan gabas, wancan yamma,
shekara goma sha tara a masana'antar nan ta Matosinhos.

Asibiti sun ba ni rana:
Alhamis, goma da rabi na safe.
Sati bakwai na jira kafin ta fito.

Na hau bene wurin Abílio, mai kula da mu.
Ofishinsa gilashi ne. Shi yana ganin tsakar kanmu,
mu muna ganin ƙasan takalminsa.
Na ce, awa biyu nake roƙo.
Ya ce, Graciete, kin san watan da muke ciki.
Jirage sun dawo a cike, kifi ba ya jiran kowa.
Ba sa ganin mutum da yamma ne?
Na ce, biyar suke rufewa, mu sai shida.
Asabar fa?
Na ce, ita ma likitar tana da 'ya'ya.

Ya turo mini takarda mai gida-gida.
Suna. Lamba. Dalili.
Gidan dalilin bai kai faɗin yatsa ba.
Ta ina zan cusa dare uku ban runtsa ba,
da kanumfarin da nake dannawa a ramin,
da burodin da sai na jiƙa kamar mai yaye?
Na rubuta: haƙori.

Idalina ta ce za ta riƙe mini gurbina,
hannu biyu su yi aikin huɗu.
Ita da ta ɗage gwajin nononta sau biyu bara
saboda layin nan dai.
Ta ce, je ki, kada ki zama ni.

A ɗakin jira wata mata ta ja jakarta,
ta koma kujerar nesa. Ƙarni ne, na sani,
sabulu ya daɗe da sallama mini shi.
Agogon bango ya wuce goma da rabi bai ko waiwaye ni ba.
Ba mintoci nake ƙirgawa ba, gwangwani nake ƙirgawa:
sittin, tamanin, ɗari da goma,
duk sun taru a gaban Idalina.

Likita ta leƙa bakina, ta girgiza kai.
Me ya sa kika bari ya kai haka?
Da auduga a kumatuna, da ƙarfe a kan harshena,
kuma ko babu su
amsar ta fi bakin girma.
Ta ce, yau wankewa kawai za mu yi.
Ki dawo bayan sati biyu. Da safe.
Ta buga hatimi a takardata, ƙwas,
shaidar cewa ba yawon bakin teku na tafi ba.

Sha biyu da arba'in na koma.
Minti goma sun hau kan awa biyun,
ƙarshen wata zan gan su, ko in ce zan rasa su.
Abílio ya karɓi takardar bai duba ba.
Abincin rana yake ci,
sai na lura a gefe ɗaya yake tauna,
a hankali, kamar mai taka ƙaya.
Ya sassauta murya ya ce, allurar tana da zafi?
Na ce, kaɗan.
Suna da layi?
Na ce, sati bakwai.
Ya dubi kalandar bango, ya yi shiru.

Katin komawa yana aljihun rigar aikina,
ya fara shan ruwan gishiri.
Ban nuna masa ba tukuna.
Sai gobe.
Yau rabin leɓena bai farka ba,
da rabin baki kuwa ba a roƙo na biyu.