Taswirar Shagon Kawu Sada

Taku goma sha ɗaya, in ji Kawu, da ƙafarsa ya auna.
Ni kuwa na ja tef daga bango zuwa bango,
ya ce mini mita shida da rabi.

Mako huɗu Malam Rabe ya ba mu:
"Kowa ya nemo shago na gaske ya zana masa sabon ciki.
Maki arba'in, ban da alfarma."
Wasu suka nufi kantuna masu gilashi,
ni kuɗin kurkurata a Ƙofar Marusa ya ƙare.

Shagon atamfa ne, ya girme ni da shekara tara.
Turmi kan turmi har rufi,
yadi a jingine kamar masu jiran liman,
ƙwan lantarki ɗaya da ƙuda suka yi wa ado.
A bakin ƙofa, benci,
gurgu, an tallafe shi da bulo.

Dare uku ina kan kwamfuta.
Na jera kantoci dama da hagu,
na tsaga hanya a tsakiya kamar tsagar kitso,
na sa madubi, na sa fitilu shida farare.
Bencin kuwa maɓalli ɗaya na danna,
ya ɓace, ko ƙura bai bari ba.

Kawu ya juya takardar, sama ta koma ƙasa.
"Ya yi kyau, ɗiyata. To ina Alhaji Mani za shi zauna?"
Na ce ai ba ya sayen komai.
"Shi kam bai saye. Amma ɗiyanshi maza bakwai,
kuma lefen unguwarsu duk bisa bencin nan aka yanke shi."

Ranar Asabar na ajiye fensir, na zauna kallo.
Gwaggo Kulu ta zaɓi shuɗi,
ba ta yarda da ƙwan lantarki ba,
ta ja turmin har bakin ƙofa
ta warware shi a gaban rana, wai ita ba ta cin hanci.
Ta bayanta ma haka.
Wata gajeriyar amarya ta yi ɗage har ta gaji,
ta haƙura da wanda take so, ta ɗauki na kusa.

Da Kawu ya tafi La'asar na yayyafa ruwa zan yi shara,
sai ga sumunti ya suɗe yana sheƙi:
layi ɗaya, lanƙwasasshe, daga ƙofa zuwa kusurwar hagu,
ya dawo ya tsaya inda haske ke faɗowa.
Shekara talatin ƙafafu na zane a nan,
ba mai ba su maki.

Na durƙusa da tef ɗina, na auna sawun mutane.

Sabuwar taswirar ba ta kai ta farko kyau ba.
Hanya ta karkace. Fitilu sun koma biyu,
da taga a bangon gabas, in mai gida ya yarda.
Teburin yanka ya matso bakin ƙofa,
kantoci sun sauko daidai kafaɗar amarya.
Benci na nan. Na zana masa ƙafa ta huɗu.

Malam Rabe ya zagaye shi da jan biro:
"Wannan fa, a tsakiyar mashiga?"
Na tuna Alhaji Mani da goronsa,
na ce, "Malam, nan ne wurin karɓar kuɗi."
Ya dube ni ta saman tabarau.
Ashirin da tara.

Ila kafinta ya ce dubu ɗari da tamanin, ban da ƙusa.
Kawu ya ce sai bayan Sallah,
ya naɗe taswirar ya cusa ta can sama
inda hannu ba ya kaiwa.
Amma jiya da zan wuce makaranta
na hango bulon nan a gefe yana zaman banza,
benci tsaye da sabuwar ƙafa, fara, ba a ko shafa mata fenti ba,
mutum uku a kai.