Kayan da Ke Numfashi

Shekara talatin da takwas ina lodi a tashar ruwan Valparaíso,
buhu, ganga, kwalin inabi, kwandon kifi.
Na san yadda ake wurgi da kaya
in rana ta take, mai kayan kuma ba ya kusa.
Yau ga ni da igiyar awo a hannu
ina auna Tizón daga hanci zuwa gindin wutsiya,
don ranar Alhamis shi ma kaya ne.

Doka ta ce akwatin ya ishe shi tsayuwa,
kunne bai taɓa rufi ba,
ya iya juyawa, ya iya miƙe ƙafa.
Ɗakin da 'yata ta tanadar mini a Malmö,
a hoto dai, bai fi haka ba.

Likita Huenchullán ta tsira masa allura a wuya,
wani abu kamar ƙwayar shinkafa ya shige ƙarƙashin fata.
Ta ɗora na'ura, lambobi goma sha biyar suka fito.
Karen da na tsinta a bayan kasuwar kifi,
ƙuma ta cinye masa rabin kunne,
yau ga shi da lamba, da hatimi uku,
da shaidar rigakafin hauka.
Ni fasfo ɗaya gare ni, shi fayil guda.
Ta ce ban da maganin barci,
ban da abinci daga asuba,
ruwansa kuma in daskarar da shi
ya riƙa narkewa yana lasa a cikin duhu.

Kwana tara akwatin na tsakar ɗaki, baki buɗe.
Ya zagaye shi, ya yi masa haushi, ya ɗaga masa ƙafa.
Na sa nama a ciki, ya miƙa wuya ya ɗauke,
ƙafafun baya suna waje.
Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara
na cusa kaina, don ya ga ba a mutuwa.
Eduvigis ta leƙo ta taga,
ta yi dariya har ta sarƙe.
Ta ce, “Bar mini shi, Anselmo.
Shekararsa sha ɗaya.
Ƙasar da rana ke faɗuwa ƙarfe uku,
me zai shinshina a can?”
Ban tanka ba.
Sabo turken wawa, na sani,
sai dai tsakanina da shi
ban san wane ne turken ba.

An ce in kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.
Daren na goma ya shige ƙarƙashin gado
ya fito da silifas ɗin Griselda, na hagu,
wanda shekara huɗu na kasa zubarwa,
na kuma kasa sa shi a jaka.
Ya wuce ni ko kallo babu,
ya shiga, ya juya sau uku, ya kwanta,
haɓarsa a kan wurin da diddigenta ya lotsa.

Na zauna a ƙasa har jirgin asuba ya yi kuka a teku.

Da gari ya waye na ɗauki alƙalami mai kauri
na rubuta a murfin, sama da lambar:
Ɗan'uwa mai lodi, na yi aikinka.
Na san bayanka na ciwo.
Wannan yana numfashi, yana tsoron tsawa.
Sunansa Tizón.
Kira shi sau ɗaya kafin ka rufe ƙofa.

Jibi za mu gangara tudun nan, matakala ɗari da sittin,
zai tsaya a kowane turken fitila kamar kullum,
ba zan ja igiya ba.
A sama, an ce, yana can ƙarƙashin ƙafafuna.
To, zan riƙa buga diddige a hankali, sau biyu,
yadda nake yi a ƙarƙashin teburin cin abinci
in na rage masa ɓawon burodi.