Gadon Murya

A ƙarƙashin gadon Iya, bayan sadakar bakwai,
na jawo kwalin takalmi, gizo-gizo ya naɗa masa rawani.
Kaset goma sha bakwai a ciki,
kowanne da ajami a goshinsa:
Agadas. Kumasi. Ikko.
Saƙonnin da ba su taɓa tashi daga Fagge ba.

Tsoho Ɗanbala mai shayi ne ya warware mini.
Kakana Nasidi, mai gyaran rediyo,
ya lura fatake ba sa son wasiƙa,
don mai karanta maka ya riga ka sanin cikinka.
Sai ya ɗora rikoda a kan benci:
sule biyar, ka faɗi farashin goro da bakinka,
direban babbar mota ya kai wa ɗan'uwanka.
Aka ce Nasidi ya taɓu.
Wa zai sayi magana? Ai iska ce.
Rana ta narkar da kaset a gaban mota,
batir ya yi tsada,
ya koma kan dalmarsa, bai ƙara ɗaga zancen ba.

Babana Lawandi bai san wannan ba,
ko kuwa ya sani ya haɗiye.
Shi lema ya kafa a bakin Bata, rawaya,
tebur ɗaya, waya ɗaya ɗaure da igiya,
naira hamsin minti guda.
Ina tuna shi, ido a kan agogo, kai a kauce,
don kada ya ji abin da wata tsohuwa ke roƙon ɗanta.
Wani lokaci yakan bar mintin ya wuce bai ƙirga ba.
Shekara huɗu.
Sai waya ta shige kowane aljihu,
lemar ta dawo gida tana yi wa kaji inuwa.

Ni kuwa, Batula,
a wani ɗaki saman bene kusa da Gidan Zu,
da janareto mai tarin asuba,
da samari biyu da ban biya ba tun watan jiya,
manhaja muke ginawa:
ɗan kasuwar Dawanau ya yi magana kawai,
ita ta riƙe bashi, ta tuna masa ranar biya,
ba sai ya je boko ba.
Na ɗauka daga kaina ta tsiro.
Har na faɗa wa masu zuba jari haka, ba kunya.
Ashe rijiya ɗaya ake haƙa a gidanmu,
kowa da inda igiyarsa ta ƙare.

Kwana biyu ina zaga Sabon Gari
kafin na sami rikoda mai sauran numfashi.
Na danna. Shuuu. Sai gyaran murya, sai carar zakara can nesa:
"Gwaji ne, gwaji ne. Nasidi ke magana.
In ka ji ni, to abin ya yi."

Baba na bakin ƙofa da buta a hannu.
Bai shigo ba, bai wuce ba.
Can ya ce, "Mayar baya."

Na mayar. Na kanga wayata a bakin rikodar
don in ga ko za ta gane Hausar da.
Ta gane, har da gyaran muryar ta jira.
Sannan ta yi tambayar da muka koya mata,
wadda ba ta san wata ba:
"Nawa ne bashin?
Wa ake bi?"

Baba ya ajiye butar a hankali.