Gonar Ceccarella

Masu neman sarauta biyu, kujera ɗaya a Napoli,
sai a gonata suka zo raba gardama.

Da hantsi tutoci suka gangaro,
shuɗiya daga tudu, ja daga bakin teku.
Kafin la'asar kofato ya matse inabina,
ƙasa ta sha,
ba ta tambayi wanne ne jini ba.

Ɗana Nardello ya bi ja
don sun ba shi takalmi.
Na tsince shi a gindin zaitun na kakansa,
ƙafa ba takalmin.

Ƙararrawar coci sai guɗa take,
wai mun yi sabon sarki.
Mai karɓar haraji ya zo jiya,
na bara ne, hula ya sauya.
Ya ƙirga itatuwana
har da wanda ba na iya kallo.