Rabin Riga

Ni ba riga nake sayarwa ba,
alƙawarin riga ne hajata:
takarda shara-shara kamar ɓawon albasa,
ninki takwas cikin ambulan,
peso dubu shida, kuɗin kan sarki daban.

Shagona ɗaki ɗaya ne a tudun Cordillera,
matakala ɗari da sittin da biyu daga bakin titi.
Ta taga ina hango jiragen ruwan Valparaiso
sun yi cirko-cirko kamar masu bin bashi.
Teburina tsohon ƙyauren gidanmu ne
da girgizar ƙasa ta ɓalle,
ramin makullin yana nan,
kullum ta nan fensir ke zurmawa.

Da safe awo, da yamma lissafi,
shi kuwa lissafi bai taɓa yi mini cif ba:
haya, haraji, tawada,
ga Don Evaristo mai maɗaba'a
da ke cewa jibi tun Litinin waccan.
Bara na kuskure hammata a lamba arba'in da shida,
santimita biyu kacal,
mata ɗari uku suka kasa ɗaga hannu.
Na bi su da wasiƙar ban haƙuri ɗaya-ɗaya,
na kwana kan shayi da burodi har wata ya mutu.

Uwata Clorinda ce ta ba ni sirrin sana'a:
rabi ake zanawa.
Ninka yadi, ɗora takarda a bakin ninki,
kafa fil, yanka, buɗe,
sai dama ta haifi hagu.
Shekara goma sha ɗaya ina buga
"a yanka a kan ninki"
ban taɓa sauraron abin da nake faɗa ba.

Sai wasiƙa ta zo daga tsibirin Chiloe
tana ƙaurin hayaƙin itace,
ruwan sama ya lashe rabin adireshin.
Ondina Barria, shekara sittin da bakwai:
"Sau huɗu na ɗinka rigarki mai wuyan jirgi.
A watan Mayu likita ya cire mini nonon hagu,
kafaɗar ma ta bi shi ta sauka.
Yanzu in na ninka yadi, wa nake yanka wa?
Kada ki ce in cusa auduga.
Na gwada, ƙaiƙayi take."

Kwana uku wasiƙar na ƙarƙashin dutsen guga.

Ran na huɗu na kira ta.
Maƙwabciyarta ta riƙe tef,
tana kwarara mini lambobi, iska na ƙwace su,
sai an maimaita.
Ƙyauren bai isa ba, mutum guda ya fi shi faɗi,
na shimfiɗa takarda a daɓe, na durƙusa,
na zana gaba biyu da ba su san juna ba.
Na ɗage kafaɗa ɗaya da kaurin yatsa,
na karkata layin maɓallai
yadda ido zai bi su ya wuce.
Gwiwoyina sun yi kanta.
Almakashin uwata yana ta ƙara, kamar yana da ja.

Ribar? Na rubuta a littafi:
takarda mita huɗu, waya minti hamsin,
peso dubu shida.
Na ja layi, ban haɗa ba.

Cikin Agusta hoto ya iso.
Tana tsaye gaban buhunan dankali,
riga koriya, hannu ɗaya a ƙugu,
babu murmushi, ta kafe mai ɗauka da ido.
Kafaɗun sun zauna.
Na juya bayan hoton, layi ɗaya ne:
"Aljihun ya yi ƙanƙanta."

Na sunkuya na ɗauko fensir ƙarƙashin tebur.
Na ƙara masa santimita uku.