Ragowar Ɗaya

Ni ne Illa, direbanta.
Kujerata na can baya, dab da ƙofa,
inda sanyin na'ura ba ya kaiwa.
Da aka kira sunan Barira Alzuma
zauren nan na Yamai ya ɗauki tafi,
ni kuwa abin da na ji
ƙarar tayarmu ce, ranar da ta fashe a hanyar Buza.

Mai jawabi ya ce, “Gwanar ƙididdiga.”
Ya ce, “Alƙaluma marasa tangarɗa.”
To, madalla.
Sai dai bai ga yadda alƙaluman ke zuwa ba.
A kan cinya ake rubuta su,
ƙarƙashin gawo, da bik mai santsin zufa,
akuya na jan gefen takarda.

Shekara goma sha tara ina tuƙa ta.
Mu bar Tawa kafin assalatu,
Badagishiri, Keita, Ilela.
Ta tsuguna gaban mai awo:
tiyar gero nawa yau? Kasuwar da ta wuce fa?
Rijiya gaba nawa ce?
Rumbu zai kai wane wata?
Sannan ta matsa kusa da uwa, murya ƙasa-ƙasa:
nawa kika haifa, nawa ke raye?
Ranar da ta yi wannan tambayar da yawa
ba ta taɓa abincin dare.

Wata damina, mun kamo hanyar gida,
rana ta yi ja, ga hadari daga gabas,
ta ce in tsaya.
Shafi guda ya ce ɗari huɗu da sha uku,
ɗan'uwansa ya ce da sha biyu.
Na ce, “Madam, ɗaya ce fa!
Wa zai ƙirga bayanki?”
Ta rufe kundi, ta dube ni.
“Illa, ɗayan nan yana da suna.”

Muka juya.
Ƙorama ta kawo, ruwa har bakin ƙofa,
ina salati ina zaginta a zuci.
Gida-gida, da fitila a hannu,
har muka samu abin da ya ɓace:
jaririya, kwana biyu a duniya,
kaka ta rufe ta da zane don tsoron baki,
uba ya faɗe ta, mata sun ɓoye.
Ashe ma ba ta da sunan.
Nan ne kaɗai na taɓa kama Madam da kuskure.

Ranar bakwai suka sa mata Barira.
An ce yanzu tana lakkol.
Ban ce don ita aka gina ajin ba,
ni direba ne, ban san yadda ake yanke waɗannan ba.

Lambar ta gilashi ce, nauyinta kamar tulun yaro.
Da aka watse ta miƙo min:
“Riƙe da kyau.”
Na naɗe ta da rawanina,
na ɗaura mata bel a kujerar baya.

Muna gangarowa bakin kogi ta ce,
“Mutum nawa ka gani a zauren?”
Na ce, “Kamar ɗari biyu.”
“Kamar?” in ji ta.
Ta gyara tabarau, tana kallon masunta.
“Ɗari da tamanin da bakwai.
Har da kai.”